Rasuwar Alhaji Buraima Ɗanmalam, Maginin da Ya Tsayar da Bangon Alƙibla

Cikin alhini, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Magina Hausawa Mazauna Riyad, reshen Al-Sulay, ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma shugaban dattawanta, Alhaji Buraima Ɗanmalam Zariya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba bayan gajeriyar rashin lafiya, a tsohon garin fatake na bakin Bahar Maliya inda ya shafe shekara biyu yana aiki.

Marigayin ya zo ƙasar nan da sana'ar gidansu ta ginin ƙasa da azara, kuma duk shekarun da ya yi cikin bulo da siminti ba su mantar da shi ita ba. Shi ya sa lokacin da wani kamfani ya ɗebi 'ya'yan wannan ƙungiya zuwa gyaran wani daɗaɗɗen masallaci da fataken jiragen ruwa suka gina da dutsen teku, mai ramuka kamar soso, aka tafi da shi a matsayin babba.

Yana kwance da zazzaɓi a satin farko, sai matasanmu, waɗanda a Riyad suka koyi gini, suka ga dogayen itatuwa kwance cikin bangon alƙibla tsakanin layukan dutse. Suka ɗauka ragowar katakon aiki ne da maginan farko suka manta, suka zare wasu, suka cike gurbin da siminti. Bango ya tsage daga kan mihirabi har ƙasa. Kamfani ya sanar cewa in ya faɗi, kwangila ta mutu, kuma kowa zai karɓi huruj, wato bizar fita ba dawowa, ya koma gida hannu wofi.

Alhaji Buraima ya taso da sandarsa, ya daɗe yana shafa tsagar, sannan ya dubi ɗaya daga cikin matasan ya ce, "Kai Zayyanu ɗan siminti, haƙarƙarinka ma a ɓoye yake. Za ka zare shi?" Ya bayyana musu cewa itatuwan nan su ke ɗaure da dutsen, kamar yadda azara ke riƙe soro a Zariya. Ya nemi injiniyan aikin ya ba shi lokaci, shi kuma ya amince. Aka tokare bangon, aka sassaƙe simintin, aka riƙa mayar da sabon itace ɗaya bayan ɗaya, ana shafe da farar ƙasa, kuma ba ya bari a taɓa na gaba sai na baya ya bushe. Masu gaggawa sun yi ta gunaguni, yana yi musu dariya, yana aiken su sayo shayi.

Alhamdu lillahi, muna shaida wa duniya da babbar murya cewa an buɗe masallacin a watan jiya, an cika shi har waje, kuma ba ko mutum ɗaya cikinmu da aka kora. A cikinsa aka yi wa Alhaji salla.

Muna miƙa ta'aziyya ga babban ɗansa Malam Mustapha, wanda ke zaman makoki a gidansa na unguwar Utaiƙa a nan Riyad, da 'yarsa Malama Muhibba, da ɗaukacin zuriyar magina ta gidan Ɗanmalam. Allah Ya jiƙansa, Ya gina masa gida a Aljanna, Ya ba iyalai juriyar wannan babban rashi.

Ga maiɗakinsa, Hajiya Sabuwa, wadda ke Zariya: da muka kira ki, kin ce kullum yana gaya miki ba zai dawo hutu ba sai bango ya tsaya, kuma kin tambaye mu ko ya samu abin da ya zauna dominsa. Hajiya, mun gani da idonmu. Bango ya tsaya.

Sa hannu:
Idrisu Lado Giwa
Kakakin Ƙungiyar Magina Hausawa Mazauna Riyad, Reshen Al-Sulay
Sha'aban 1437