Man Shanun Hajo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Sa'idu Babaji na Ƙofar Marusa, tsohon gandiroba. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau, babu wanda ya tilasta ni. Hanta ce ta gaza, kai lafiyarsa lau, don haka kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa Baba sambatu. Zuwa gare ku 'ya'yana, Abbas da Siddiƙu da Juwairiyya. A karanta a gaban mahaifiyarku Baraka, bayan an dawo daga kai ni.

Na ɗaya. Gado ba ni zan raba ba, Allah ya riga ya raba. Ku kira limamin unguwa ya zaunar da ku a kan gidan nan da gonar bayan gari. Roƙona kawai, kada a tashi Baraka daga ɗakinta.

Na biyu. Kakina da takalman aiki da kulki, ban yarda kowa ya gaje su ba. Takardar yabon nan da ke rataye a zaure, wadda ta ce na yi shekara talatin da biyar ina aiki babu tabo, ke Juwairiyya da kike goge ta kullum, ki sauke ta ki tura a murhu. Za ku ji dalili.

Na uku, shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen masu jiran kisa, a gidan yarin da ba sai na faɗi sunansa ba. Ɗakin da aka gina don mutum biyu, mutum bakwai ke ciki, ga bokitin bahaya a kusurwa, ga kuɗin cizo, ga gabzar da ko kaza sai ta yi shawara kafin ta tsattsage ta. Ba a sa hannu an kashe su ba, ba a sake su ba, suna nan suna ruɓewa da ransu. Ku tambayi Baraka, daban take wanke kakina saboda wari. Amma wallahi warin nan bai kai mu ma'aikatan ƙazanta ba.

A cikinsu akwai Yero, Bafulatani. Shanu suka shiga gona, faɗa ya kaure, ya ɗaga sanda, mai gonar bai tashi ba. Ban ce bai yi laifi ba. Mahaifiyarsa kun san ta, ita ce Hajo, wadda kuke kira Inna mai man shanu.

Ƙa'idar wurin ita ce, duk wanda ya kawo wa fursuna abinci sai ya ɗanɗana a gaban gandiroba, sannan gandiroba ya kai ciki ya dawo da kwano. Masu jiran kisa kuwa ba kasafai ake fito da su ganawa ba. Kowace Juma'a Hajo za ta sayar da nononta a Babbar Kasuwa, ta rage mafi kyau, ta dama fura, ta ɗora curin man shanu, wani lokaci har da soyayyar zabuwa. Ta ɗanɗana a gabana, in karɓa in kai wa ɗanta.

Sai tari ya kama Yero. Wata huɗu yana tofar da jini. Da na yi maganar asibiti, shugabanmu ya ce, "Wanda za a rataye ne zan ƙona wa man mota?" Muka yi dariya, har da ni. Ranar wata Laraba da hantsi, cikin daminar 2011, Yero ya cika. Shugaba ya ce a rufe shi shiru, in aka kira dangi za su zo da tambayoyi. Ni da fursunoni huɗu muka yi masa sutura.

Ranar Juma'a sai ga Hajo da ƙwaryarta. Ta ɗanɗana, ta miƙo. Na buɗe baki zan faɗa mata, na waiga na ga abokan aikina uku sun riga sun wanke hannu suna jira. Na karɓa. A ɗakin bakin ƙofa muka shanye furar, muka raba man. Na ɗauraye ƙwaryar na mayar mata, ta dube ni ta ce, "Malam Sa'idu, ya cinye kuwa?" Na ce, "Tas." Ta ɗaga hannu ta yi wa Allah godiya, wai tunda yana cin abinci to da sauƙi.

Wata uku muna haka. Ƙarti huɗu masu albashi, masu sahun gaba a masallaci, muna lashe abincin mamaci daga hannun uwarsa. Har akwai mai ƙorafi ran da babu zabuwa. Tir da mu.

Da ta matsa sai ta gan shi da Babbar Sallah, na ce an mayar da shi wani gidan yari can Kudu, inda ba a zuwa ziyara. Ta yi kuka, ta gode mini da na riƙe mata ɗa amana. Tun daga ranar, kowace Sallah sai man shanunta ya iso gidan nan, ta ce in na sami mai zuwa can in aika masa gaisuwa. Shekara goma sha uku ke nan. Da man nan aka yi miyar sunan ɗanka na fari, Abbas. Ni kuwa tun tuni na daina ci, kuka zaci umarnin likita ne.

Na huɗu. Hajo tana raye, idonta ya yi rauni, kuma har gobe jiran ɗanta take. Sau biyu ina zuwa bakin rugarsu in juyo, don ni matsoraci ne, yanzu kuma ƙafa ta ƙi. Ina tsoron ta mutu tana jira, ina tsoron haɗuwata da Yero. Ku nemi jikarta Halima, tana sayar da nono kusa da 'yan hatsi, za ta kai ku. Ku faɗa mata komai yadda na rubuta, kada ku yi mini kwalliya. Ku kai ta kabarin: maƙabartar da aka kai kakanku, layin ƙarshe ta gabas, gindin aduwa. Na kife kwanon gabzarsa a wajen kai, na danne da dutse. Kada ku nema mini gafara sai ta gama kukanta. In ta ƙi, kada ku matsa mata, tana da gaskiya. Karsanar da ke gona na yi mata wasiyya da ita, in ma ta ƙi karɓa ku ƙyale ta.

Na biyar. Abbas, Siddiƙu, shekara biyu ba ku magana, tun ranar da Siddiƙu ya kira ka ɓarawo, Abbas, a kan sabulu da shinkafar da masu sadaka suka kai wa fursunoni, kai kuma ka kwaso gida. Abbas, ƙanenka ya faɗi gaskiya. Kakin da ke jikinka ni na nema maka, kuma a wurina ka ga hanya. In ba za ka iya aikin da hannu mai tsabta ba, ka ajiye shi ka kama gona. Kai kuma Siddiƙu, rage ɗaga hanci, naman jikinka da man Hajo ya ginu. Ku sasanta kafin a tashi daga zaman makokina.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare cikinku daga haram, ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyarku ba. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Wurin Hajo ku tafi ku uku a mota ɗaya, ku dawo a mota ɗaya.

Na san halinta, in ta ji rasuwata tana iya riga ku, a riƙo hannunta ta zo ta'aziyya da ƙwarya a ka. In haka ta faru, ku shimfiɗa mata tabarma, Baraka ta zauna kusa da ita, Abbas ya karanta mata batu na uku na takardar nan. Kada kowa ya buɗe ƙwaryar. Ku mayar mata da abinta a cike.

Mahaifinku,
Sa'idu Babaji.