Motar Kwanan Gona Tana Hannun Wa?

Zuwa ga babban jami'in da motata take tsare a hannunsa, a ɗaya daga cikin shingayen hanyar kan iyaka, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi mini afuwa da ban ambaci sunanka ko na ofishinka ba. Ba raini ba ne, wallahi ban san su ba ne. Duk ofishin da na shiga ina tambayar wa ke riƙe da motar, sai a nuna mini ƙofar wani. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani, ko Allah zai sa maganar ta kai kunnen mai ita.

Sunana Sada, sana'ata haɗa sola. A garin nan aka yanke mini cibiya, kuma daga Magama zuwa Mazanya da wuya ka samu unguwar da ban hau rufin wani gida a cikinta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mahaifina, Malam Ummaru. Tsoho ne, ƙugunsa ya karye shekarun baya, ba ya iya doguwar zama, kuma dole ne in kai shi gonarmu ta gado kafin a saki dabbobi a gonaki. Gonar tana ƙetaren iyaka, ɓangaren Nijar. Motar da za ta iya kai shi kuwa ita ce take hannunku.

Bari in yi bayanin gonar, don na lura duk wanda na gaya wa a shingen kallon mai tatsuniya yake yi mini. Kakanmu ya bar wa 'ya'yansa biyu gandu guda. Mahaifina ya sauka Jibiya, ƙanensa Baba Ilu ya zauna can yana noma. A gidanmu, idan aka yanke gero aka ɗaure damma, ba a zuba ko guda a rumbu sai babban gida ya zo ya fitar da zakka da hannunsa. Kuma ba zuwa ake yi a juyo ba. Kwana ake yi a gonar, maza da mata da yara, a kafa bukkokin kara, a gasa masara, a dama fura da nonon Fulanin da ke kusa, a kwanta ana kallon sama. Muna yara a amalanken shanu ake kai mu. Tun da mahaifina ya karye bai ƙara zuwa ba, sai dai ya aika da izini ta waya. Bana Baba Ilu ya ce atafau ba zai karɓi izinin waya ba, yayansa yake son gani a tsakiyar damman, domin su biyun ba wanda ya san saura nawa. Gero yana nan jibge a fili har yanzu, yana jiran tsoho.

Saboda wannan na sayi motar. Bas ce ƙarama ƙirar Japan, 'yar Kwatano, mai ƙofar ja. Abin da ya ja hankalina shi ne kujerunta na baya suna kwantawa su zama gado lafiyayye, ga labule, ga gilashi a rufi. Na ce to, ga inda tsoho zai miƙe a hanya, ga kuma inda zai kwana a gona ba tare da sanyin ƙasa ya kama masa ƙugu ba. Na ɗora mata sola a sama, na sayi tanti na yara. Maiɗakina Hajara har dariya take yi mini, wai na sayo ɗaki mai taya. Takardunta cikakku ne, kuma ba wanda ya ce mini akwai gyara a cikinsu har yau.

Ga abubuwan da suka ɗaure mini kai, ranka ya daɗe.

Na farko, yadda aka tsare ta. Da hantsi muka taso, ni da Hajara da yara, tsoho yana kwance a baya an tokare shi da matasai. Mun wuce shingaye da dama lafiya, ana ɗaga mana hannu. A na kusa da ƙarshe wani jami'i ya leƙo, ya gaishe da tsoho cikin ladabi, ya tambaye ni ina za mu. Na faɗi ƙauyen. Ya ce gidan wa za mu sauka. Na ce ai ba gida za mu sauka ba, a gona za mu kwana. Nan fa fuskarsa ta sauya. Ya maimaita tambayar, na maimaita amsar, har da ƙarin cewa don nishaɗi ne da sada zumunci. Ya ce a wannan zamanin, da mutane ke baro ƙauyuka suna neman mafaka cikin gari, ni ne zan kwashi iyali in kai su daji don nishaɗi? Ya ce in gyara fakin. Da na ce gidan Baba Ilu za mu, da tuni mun isa. Har yanzu ina juya wannan a raina, na kasa gane inda gaskiyar ta zama laifi.

Na biyu, an ba motar suna uku a yini ɗaya, kuma kowane suna da hukuncinsa. Jami'in farko ya ƙirga kawunanmu ya ce motar haya ce, ina shaidar yin lodi. Na ce duk 'yan gida ɗaya ne, ya dubi hancinsu. Na biyu ya ga kujeru a kwance, ya ce an gama magana, motar kaya ce, haka masu fasa-ƙwauri ke kwantar da kujeru su shimfiɗa buhuna. Na ce to ga buhun nan a kwance yana jan carbi, a buɗe shi. Ban kyauta ba da na yi wannan gatsen, amma rana ta yi zafi, tsoho ya fara nishi. Sai na ukun, wanda ya fi su girma, ya sa aka sauke kayanmu kaf a bakin hanya: katifu, gidajen sauro, tukunyar gas, tanti, fitilu, batir, shinkafa 'yar gida, da ledar magungunan tsoho. Ya zagaya su a hankali, ya ce wannan shi ne sak irin kayan da ake kai wa mutanen daji. Kayan kwana dai kayan kwana ne, ko na mutumin kirki ko na mugu, ban san yadda zan sa katifata ta yi kama da ta mai gaskiya ba.

Ana cikin haka aka ce in tayar da motar a matsar da ita. Ita kuwa tana da wata ɗabi'a: da ka murɗa makulli sai wata mata ta yi magana da yaren Japan daga ƙarƙashin sitiyari. Bakanike ya gaya mini wani ɗan akwati ne na biyan kuɗin hanya a ƙasarsu, kati take cigiya, kuma tun daga Kwatano take cigiyarsa. Mu mun saba, yara har amsa mata suke yi. Jami'in da ke kusa da taga kuwa ya yi baya da sauri, ya ce da wa nake magana. Na ce ba kowa. Ya ce me ta ce. Na ce ni ma ban sani ba. Ya leƙa allon gaba, ya tarar da taswira tana nuna muna tsakiyar teku, wanda shi ma haka na saye shi. Daga nan ba wanda ya ƙara sauraren bakina. Aka karɓe makulli, aka ce sai masana sun duba na'urar.

Mu huɗu, ni da wasu masu wucewa, muka ciccibo tsoho da katifarsa muka ajiye a gindin wata bedi. A bayan a-kori-kurar wani bawan Allah muka mayar da shi gida, kowane rami sai ya kira sunan Allah. Ya yi kwanaki bai iya juyawa da kansa ba. Wannan kam ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba.

Na uku, yawon da nake ta yi. Na koma shingen, aka ce waɗanda suka tsare ta an sauya musu wurin aiki, na yanzu sun tarar da ita ne a nan. Na je ofishin farko, suka ce in dai maganar kaya ce tasu ce, amma tun da ba a samu haramtaccen kaya ba, ba ruwansu. Na biyu suka ce su mutane suke dubawa, ba motoci ba. Na uku suka ce maganar tsaro ce, ta fi ƙarfinsu, in jira a kira ni. Kowa ya yi mini magana mai daɗi, wani har ruwa ya ba ni. Ba wanda ya ce na yi laifi, ba kuma wanda ya ce ban yi ba. Masanan da za su duba na'urar ban san daga ina za su zo ba, ban ma san ko an gaya musu ba. Na ce a ba ni sukundireba in ciro akwatin in bar muku shi har abada, aka ce ba a taɓa abin da ke ƙarƙashin bincike. Motar tana nan inda aka ajiye ta, akuyoyi na shan inuwa a ƙarƙashinta, tayar baya ta fara sauka.

Na huɗu, abin da ake faɗa a gari. Kai ma ka san Jibiya, magana ba ta kwana wuri ɗaya. Kafin mu iso gida ranar, labari ya riga mu cewa an kama Sada mai sola da kayan mutanen daji da na'urar magana da ƙasar waje. Wani mai shago da na yi wa aiki ya aiko a karɓi sauran wayoyin wutarsa da ke hannuna, ya ce zai neme ni. A masallaci ana ba ni hannu, amma da sauri ake janyewa. Hajara ta daina zuwa gidan suna. Na nemi motar haya da za a cire wa kujera a shimfiɗa tsoho, direbobin da muka tashi tare da su suka dinga ba ni haƙuri, kowa na tsoron a ga kayana a motarsa a wancan shingen. Ban riƙe su a rai ba.

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauka ban san halin da ake ciki ba. Na sani. Akwai ƙauyukan Daddara da na haɗa wa fitila, yau ba kowa a cikinsu. Na san yaranka suna tsayawa a rana da ruwa don mu yi barci, kuma da sun bar kowace mota ta wuce ba tambaya, da ni ne farkon mai ƙorafi. Tsayar da ni bai dame ni ba. Abin da na kasa fahimta shi ne a tsayar da mutum, a bincike shi tas, a rasa komai, sannan a rasa wanda zai ce masa tafi. Gonar tamu kuma ba cikin dajin da ake tsoro take ba, daga cikinta ana jin kiran sallar ƙauye. Kwanan gona ba ni na ƙirƙiro shi ba. In ka tambayi dattawan ofishinka waɗanda suka tashi a karkara, na tabbata akwai wanda ya yi shi.

Don haka ina roƙon abubuwa kaɗan. A faɗa mini ofishin da motar take hannunsa, da baki ɗaya, in san ƙofar da zan tsaya. In akwai laifi a gaya mini sunansa, in kuma babu a ba ni makullina. In ana shakka, a haɗa ni da jami'i guda ya bi mu har bakin iyaka, ko ma har gonar in doka ta yarda, akwai wurinsa a tanti kuma ba zai kwana da yunwa ba. Sannan ranar da za a sake ta, ina roƙon a faɗa a gaban mutane cewa ba a same ni da komai ba, tun da a gaban mutane aka sauke mini katifu.

Lokaci ne ba ni da shi. Baba Ilu ya kira ya ce mai gari ya yi shela, bayan Juma'a mai zuwa za a saki dabbobi, kuma garkunan sun riga sun taru a bakin gonaki. Na roƙe shi ya kwashe geron, ya ce shi bai taɓa shiga gaban yayansa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Tsoho ya ji wayar. Da na gama, ya kira ni ya ce in nemo babur. Ya ce in goya shi a baya, in ɗaure shi da rawaninsa a ƙirjina, mu bi ɓarauniyar hanyar da masu jarkokin fetur ke bi, ba shinge ba tambaya. Na ce Baba, ƙugunka ba zai ɗauka ba. Ya ce ƙugunsa ne ko nawa.

Ban taɓa bin wannan hanyar ba a rayuwata, kuma ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba. Idan Alhamis ta yi makullin bai dawo ba, ban san wanne zan fara yi a cikin biyun ba. Na dai faɗa maka tun yanzu, don in yaranka suka hango wani a kan babur da dattijo ɗaure a bayansa, su san mu ne, kada su biyo mu da gudu, ba zan iya sauri da shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da mutanenka a bakin aikinku, ya sa iyayenka su gama da kai lafiya in suna raye, ya jiƙansu in sun riga mu. Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sada mai sola, Jibiya.