Inda Aka Binne Sani

Daren Laraba, Zango.

Sai yau na gane ƙanena Isiyaka ya riga ni sanin an kashe ɗana Sani a bakin daga. Kwana tara yana cin tuwona bai faɗa mini ba, don manyansu sun ce ba a kai wani hari ba.

Ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Isiyaka, ni na goya ka. Raka ni mu tambayi inda aka sa shi."

Ya ce, "Yaya, irin wannan tambayar maƙiya take yi wa daɗi." Ya share hawaye, ya ɗauki tutarsa, ya koma shataletale inda shi da abokansa 'yan sa-kai suke gadi don kare gwamnati.

Rigunan Sani suna nan ban raba ba. Kabarinsa ma ban sani ba.