Binne a Bayan Majami'a

Arlit, cikin bazara

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da yara da dukan mutanen Tibiri. Ni ina nan. Zafi bai kashe ni ba tukuna, yana dai ƙoƙari.

Saƙonki ya iso ta hannun Bashar direba. Kin ce bana ce ta ƙarshe da za ki iya riƙe gonar Baba, in zo in karɓe ta, ko a bar wa Ousmane ɗan kawu. Yaya, ba ƙin gida nake ba. Tun da kamfani ya rufe ramin ma'adinin da nake aiki, abu ɗaya ya riƙe ni a garin nan. Pastonmu ya bi sauran ma'aikata ya tafi, majami'a ta rage tsofaffi da mata kaɗan, kuma ni kaɗai ne cikinsu nake iya karanta Maganar Allah da Hausa. Ran da na hau mota, ran nan za a sa wa ƙofa kwaɗo.

Kowace Lahadi ina tsayawa in gaya musu Allah mai hikima ne. Ina faɗa, ina duban taga, ko ciyawa ɗaya babu. Wace hikima ce a ɗauko ɗan manomi a ajiye shi inda ba a noma, ƙarfinsa ya ƙare, a bar shi nan? Ban ce ya zalunce ni ba. Na ci, na sha, na aurar da ɗiyata. Amma bai taɓa yi mini bayani ba. Godiyar kaka ma da taliya da gwangwanin tumatir na kanti muke yin ta. Iya Maryama, tsohuwarmu, sai ta ɗora su a ka tana rawa kamar damin gero ta ɗauko.

To na yanke shawara. Ki aiko mini da irin geron Baba. Zan yi binne a bayan majami'a yadda muke yi a gida, in rufe shi cikin busasshiyar ƙasa in jira sama. Idan ya yi zangarniya, Allah yana so in zauna. Idan ya mutu, ya sallame ni ke nan, in taho.

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Barnaba

*

Tibiri, farkon damina

Barnaba ƙanena,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka.

Ga iri nan ƙulle cikin tsumma, da hannuna na zaɓo shi daga rumbu. Da na karanta takardarka na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Tun kana yaro haka kake. In Inna ta hana ka abu, sai ka je ka zauna tsakiyar rana don ta ji tausayi. Yanzu kuma Allah ka samu.

Shuka dai. Na gaya wa Ousmane ya dakata.

Ka sha ruwa da yawa. Yayarka,
Lauratu

*

Arlit, ƙarshen damina, wai

Yaya Lauratu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Gero ya mutu.

Na yi binne kamar yadda Baba ya koya mana, sara, zuba, take da diddige. Maƙwabcina Ghissa, Buzu ne mai garka a bakin gari, ya tsaya kaina da rawaninsa yana kallo. Ya ce, “Barnaba, wa ya mutu kake rufewa?” Na ce gero ne. Ya ce, “To ina ruwa?” Na nuna masa sama. Ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Ni nan aka haife ni, ban san kai da shi kun yi magana ba.”

Ya so ya kawo mini ruwa a jarka bisa jakinsa. Na ƙi. Na ce a garinmu ba a yi wa gero ban ruwa, kuma in na zuba da hannuna, amsar tawa ce, ba ta Allah ba.

Abin da ya fi ci mini rai, an yi yayyafi sau ɗaya cikin Agusta. Geron ya tsiro, Yaya. Kore shar, layi layi. Iya Maryama ta zo da sandarta ta yi guɗa. Na riƙa zuwa kowace safiya ina tsugunawa kansa. Daga nan sama ta rufe bakinta, rana ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da Allah ya bar shi a ƙasa bai tsiro ba, da ya fi mini sauƙi.

Ba zan yi gardama ba, ni na sa sharaɗi, an kuwa amsa. Zan tsaya da mutanen majami'a har Kirsimeti, sannan in taho. Ban gaya wa tsofaffin ba tukuna, na rasa ta inda zan soma. Abinci ma ba ya shiga sosai kwanakin nan.

Naki,
Barnaba

*

Tibiri, lokacin kaka

Barnaba,

Ina gaishe ka. Mun ɗaure gero, mun gode wa Allah, bai kai na bara ba amma za a ci.

Shekara nawa kana rubuto mini cewa Arlit kurkuku ce? Yau an buɗe maka ƙofa, sai ga takardarka kamar ta ta'aziyya. Wanda yake son tafiya ba ya tsugunawa kan tsiro kowace safiya. Ka tambayi kanka wa kake yi wa makoki.

Kuma bari in tambaye ka, tunda ni ban yi zurfin karatu ba. Ruwan da Buzun nan ya so kawo maka, wa ya ajiye shi ƙarƙashin ƙasa? Kamfani? Ka ɗauki damina irin ta Tibiri ka kai wa Allah, ka ce ko ya bi ta nan ko bai amsa ba. Ya aiko ruwa bisa jaki har ƙofarka, ka kore shi don bai faɗo daga sama ba. Da ni ce, da na yi fushi. Shi bai yi ba, Uba ne, ya saba da irinku.

Kana cewa bai yi maka bayani ba. Ni ma bai yi mini ba ran da na rufe mijina. Abin da na sani, Allahn da muke bi ya san zaman baƙunci. Shi ma ya bar gidansa ya zo ya zauna cikin mutanen da ba su gane shi ba, bai kuwa koma ba sai da ya gama.

In ka zo, ɗakinka yana nan. In ka zauna, ba zan ji haushi ba. Amma kada ka ɗora wa gero.

Lauratu

*

Arlit, cikin ɗari

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta ba ni haushi, na jefa ta bisa gado, na fita. Da na dawo na sake karantawa, haushin ya ƙaru, don ban samu inda kika yi ƙarya ba.

Na je wurin Ghissa da kunyata. Ya dafa shayi muka sha. Sannan ya ce, “Malamin sama, ka sauko?” Ya ba ni fangali kaɗan a gefen garkarsa, ya ce nan shukar ɗari ta fi albarka. Na sa karoti da salati da albasa, da ɗan alkama. Ni da nake raina masu ban ruwa, ga ni da sassafe cikin laka ina buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Bayana yana ciwo. Barci kuwa, rabon da in yi irinsa tun ina saurayi.

Na ba su labarin sharaɗina a majami'a. Iya Maryama ta ce, “Af, mun sani. Mu ma addu'a muke yi, amma ba kan gero ba, kanka.” Ashe su ma sun kai tasu ƙara, ban sani ba. Allah ya ji tawa, ya ji tasu, ya bar ni na yi ta surutuna. Wannan haƙurin nasa ya fi ba ni tsoro bisa hikimar.

Mun ɗage godiyar kaka sai karoti ya nuna. Ban ce na fasa tahowa ba, kada ki yi mini dariya tukuna.

Ƙanenki,
Barnaba

*

Arlit, ƙarshen ɗari

Yaya Lauratu,

Alheri da salama. Jiya muka yi godiya. Ghissa bai shiga majami'a ba, amma shi ya kawo kayan har bakin ƙofa, ya ce in gaya wa Allah rabin aikin nasa ne.

Ki bar wa Ousmane gonar. Ki ce masa gefen gabas yana riƙe ruwa, kada ya sa gyaɗa can.

Bayanin da nake nema har yanzu ban samu ba. Ina tambaya, yana shiru, ina ban ruwa. Ba laifi.

Zan zo in gan ki cikin bazara, kwana kaɗan, idan na samu wanda zai duba mini albasa.

Allah ya bar mu tare,
Barnaba