San Huɗana da Aka Harbe a Gasar Harbinku

Zuwa ga Babban Jami'in da ya shirya gasar harbi a bayan Magama,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Audu Na-Dogo, mai gonar da ke jingine da filin da kuka kafa allunan harbinku. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa mini ko kalma guda. Sau uku ina zuwa ƙofarku ana ce mini kana taro, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na farko, abin da na gani da idona. Ranar gasar, da hantsi, ina ƙarƙashin gawo ina sassaƙa ƙotar fartanya, shanun huɗana biyu, ja da fari, suna ɗaure kusa da ni. Wani cikin sababbin ɗaukarku ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Maimakon ya bar bakinta a kan allo ya jira, sai ya miƙe tsaye ya juyo da ita wajena yana jijjigawa, yatsa bai bar kunama ba, wai zai nuna wa kofur. Nan ta tashi. Harsashi ya sami jan a kafaɗa. Da ƙyar na sa masa wuƙa kafin rai ya fita.

Ranka shi daɗe, na yi farauta da bindigar toka tun ba a haife ka ba. Ubana ya koya mini, in ta ƙi tashi ba a motsa ta. Ka riƙe ta inda ka auna, ka karanta ƙulhuwallahu uku, sannan ka kifa bakinta ƙasa. Wanda ya juya baki ga mutane kuwa, ranar ya gama farauta, gida zai koma hannu banza. Ku fa? Kuka miƙa wa wanda ya harbe mini sa wata bindigar ya ci gaba, da la'asar ina fiɗa ina jin tafinku.

Na biyu, sajan da kuka aiko ya ce laifina ne, wai an kafa jan ƙyalle da allon gargaɗi. Allon da Turanci yake. Tsakanin ni da sa, wa zai karanta? A nan in za a yi abu mai haɗari, mai unguwa ake gaya wa, ya sa a yi shela bayan sallar Juma'a. Ba a yi ba. Kuma gonata ba ta tashi ta je filinku ba, harsashinku ne ya tsallako.

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Maraɗi, sa guda kuwa ba ya jan garma. Jan ne mai bin kwarin kunya, damina biyar suna aiki tare da farin. Na aro na maƙwabcina na haɗa su, farin ya kwanta ya ƙi tashi. In ruwa ya sauka ban yi huɗa ba, gida mai baki goma sha ɗaya ba shi da gero bana.

Don haka ina roƙo, ba bara ba, haƙƙi. Ku kawo mini sa horarre wanda ya san kwari, ba maraƙi ba, kafin ruwan shuka. Ku juya allunanku yadda masu harbi za su ba gonaki baya. Wanda ya yi harbin kada ku kore shi, ku koya masa, ku tuhumi wanda ya ɗora masa bindiga bai koya masa jira ba.

Na ji za ku sake wata gasar, har da baƙi daga Katsina. In san da na roƙa bai iso ba, ranar zan sa karkiya a wuyana a gefen farin, mu ja garma a kunyar da ta fi kusa da ku, baƙinku na kallo. In kuna iya harbi a haka, ku yi.

Allah shi tsare ka, shi tsare waɗanda ke ƙarƙashinka daga bakin bindigar junansu, shi ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Audu Na-Dogo,
Magama, Jibiya.