Na Zuba Siminti, Abokaina Sun Watse

Malama Nazifa, ki taimake ni da shawara, abin ya ishe ni. Shekara talatin na yi ina aiki a gidan siminti na Malbaza, bara na ajiye. Matata Talatu ta rasu, 'ya'yanmu suna Yamai. Majalisar ƙofar gidana ta rage mini: mu shida, kullum la'asar, shayi da gardama.

Da na ajiye aiki sai na ce bari in kyautata musu. Na shafe ƙofar gidan da siminti, na gina dakali. Dogon yaron da muke zama ƙarƙashinsa, saiwarsa ta fara fasa aikin, na sa aka sare shi, na kafa rumfar kwano. Bazara na shiga suka dinga zamewa ɗaya-ɗaya. Yanzu suna ƙofar maƙwabcina Labo, kan yashi, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Daga dakalina ina jin dariyarsu. Jiya na dafa shayi, na zuba a kofi shida, na shanye ni kaɗai. Don ba ni da aiki ne yanzu? Zuciyata ta hana ni zuwa inda ba a gayyace ni ba.

Tsohon ma'aikaci, Malbaza

Baba, Allah Ya jiƙan Talatu. Gobe da la'asar ka cire takalmi ka taka dakalin nan, za ka ji abin da ya kore su. Siminti yana shan rana tun hantsi, ya dinga amayar da zafin har magariba, iskar da ke kansa ta gasu. Kwano kuma ya ƙara daga sama. Itacen da ka sare ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, ganyensa yana fitar da danshin da ke sanyaya iska. Tsakanin ƙofarka da ta Labo taku kaɗan ne, amma yanayin ba ɗaya ba ne.

Su ma da laifinsu, ya kamata su gaya maka. Sai dai wa zai dubi mutum ya kushe abin da ya yi don ya faranta masa? Kunya ce ta sa suka zame shiru.

Ka canza kwanon da zana, ka dinga yayyafa ruwa, ka fasa gefe guda ka dasa wani itacen. Amma dashe sai ya shekara biyar kafin ya yi inuwa, ku kuwa ba yara ba ne. Kada ka zauna jiransa. Ka tashi yau ka je ƙofar Labo, ka ce a matsa maka. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Baba.