Na Daina Sa Gishiri

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi. Zuwa gare ka, kafintana mai taurin kai, wanda tafin hannunsa ke ƙamshin sabon katako, wanda muryarsa ke kwantar mini da hankali yadda iskar la'asar ke kwantar da zafin yini. Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta cika wa ciki, ina kuma yi maka ya jiki, ko da yake ka ce kada in ƙara tambaya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Saƙonka ya iso. Ina tsaye a ɗakin girkin ɗalibai ina yanka albasa wayar ta yi ƙara, na goge hannu a zanina na duba. Albasar nan na gode mata, don ita ta rufa mini asiri a gaban mutane. Ka ce tunda likita ya tabbatar ciwon ƙodar nan ba mai tafiya ba ne, in cire ka daga raina. Ka ce ka riga ka gaya wa Yayana a bar maganar aurenmu. Ka ce ba za ka ɗauko 'yar mutane da ƙuruciyarta ka mai da ita mai jinya ba, kullum tana ɗora tukunya biyu, ɗaya ta masu lafiya ɗaya ta majinyaci. Ka rufe da cewa wai don kana sona ne. To, sannu da ƙoƙari. Kai ne alƙali, kai ne shaida, ni kuwa da ake yanke wa hukunci ko a ce mini kanzil. Shi ya sa na ɗauko takarda, don idan na kira ka kuka zai ci ƙarfina, kai kuma ka samu dalilin kashe waya.

Ka tuna ranar da ka fara cin girkina? Ka zo gyara wa Umma ƙofar kicin, Yaya ya rantse ba za ka tafi ba sai ka ci abinci. Shinkafa ce da miya, na ɓata safiyata kaf a kanta. Ka zauna, ko cokali ba ka kai baki ba, ka ce a miƙo maka gishiri. Ni kuwa daga bayan labule na ce wa Yaya ya tambayi abokinsa ko haka ake yi a gidansu, a ci mutuncin mai girki tun kafin a ɗanɗana. Ka yi dariya har ka ƙware, Umma ta miƙo ruwa tana watsa mini harara. Ka ci, ka ƙara, ka kuma barbaɗa gishirin ina kallo. Ƙofar da ba ta fi aikin yini guda ba sai da ka yi ta zarya a kanta, yau ƙusa ta ƙare, gobe ka manta guduma, har Umma ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙofa mai laulayi irin wannan ba. Tun lokacin zuciyata ta bi jakar kayan aikinka, har yau ba ta dawo ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ranar da Auta, ƙanwarka, ta kira ni ta ce likita ya hana ka gishiri da magi, ban daɗe da dawowa makaranta ba. Na fito daga aji, na shiga ɗaki, na ɗauki robar gishirina da ragowar magina na miƙa wa 'yan ɗakin da ke kusa da mu. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce abin da kake ci shi zan ci, in ji abin da kake ji. Tun ranar ko ƙwayar gishiri ba ta sake shiga tukunyata ba.

Ba ka taɓa ganin ɗakin girkinmu ba. Yana can ƙarshen baranda, da taga ɗaya da ba ta rufuwa, da famfo mai ɗiga, da murhun kananzir guda uku waɗanda ɗaya sai an tokare shi da dutse yake tsayuwa. Kowa da 'yar tukunyarta. Tawa ita ce mai hannu ɗaya, wadda Umma ta ce in tafi da ita tunda ba mai kewarta a gida. Da can, idan na ɗora ta, ƙamshi kan bi baranda yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Sai ka ga 'yan mata suna fitowa ɗai-ɗai, wannan ta zo aron ashana, waccan ta zo tambayar ko an ɗage jarrabawa, kowacce da cokali a aljihu. Mu zauna a ƙasa mu kewaye faranti, ana ci ana gulmar malamai. Ban taɓa sanin ɗaci na cin abinci ni kaɗai ba.

Taliya na fara dafawa ba gishiri. Wallahi kamar ina tauna igiyar shanya. Na soya ƙwai, shi ma lami, sai ƙarni. Na ajiye cokalin na kifa kai a gwiwa, ba don yunwa ba, don na tuna kai. Kai da kake barbaɗa gishiri tun kafin ka ɗanɗana, wannan ne abincinka safe da rana da dare? Haka kake haɗiye shi, sannan idan na kira ka ce mini ka ci ka ƙoshi, har kana tsokanata?

Abokiyar ɗakina, wadda muke kira Lauya don shari'a take karantawa kuma bakinta ya riga digirinta fitowa, ita ta fara sa cokali a sabon girkin. Ta tauna, ta dube ni, ta ce ko a gidan yari ba a yi wa ɗan'adam irin wannan horon, kuma za ta tsaya wa shinkafar kyauta idan tana son shigar da ƙara. Sauran kuwa sai suka ɗauke ƙafa. Masu aron ashana suka sayi tasu. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakinsa. Amma yanzu idan na sauke tukunya, ɗaki nake wucewa da ita, in zauna a bakin gado, faranti a cinya, ina kallon kayan shanya suna kaɗawa a tsakar gida. Ina jin dariyarsu daga wani ɗakin, ina jin ƙarar cokula a farantin da ba nawa ba. Wani lokaci na kan ajiye faranti na biyu a kan akwatina, babu komai a ciki, don dai idona ya samu wurin sauka.

Amma kada ka ɗauka zama na yi ina cin baƙin ciki. Ka san ni da naci. Na gano idan aka bar albasa a ƙaramar wuta, aka yi haƙuri da ita har ta yi ja ta yi laushi, zaƙin da take bayarwa ya ishi miya. Na gano lemon tsami ba a sa shi a kan wuta, sai an sauke, a matsa kaɗan, sai abinci ya farka. Na koyi soya shinkafa sama-sama kafin in zuba ruwa. Tafarnuwa da citta da masoro sun zama 'yan ɗakina. Wata mai karatun jinya a benen ƙasa ta ce mini dankali sai an yanka an jiƙa an zubar da ruwan kafin mai ciwon ƙoda ya ci, shi ma kaɗan, na riƙe. Na ƙona, na zubar, akwai ranar da tsami ya yi yawa har haƙorana suka mutu, na yini da shayi da burodi. Ashe karas yana da ɗanɗanonsa, ashe kabeji yana da nasa, gishiri ne ke danne su ba mu sani ba. Ranar da na yi wani kifi da albasa da lemon tsami, na ci na suɗe faranti, na miƙe da murna zan kira wani ya ɗanɗana, sai na tuna wanda na yi dominsa yana can nesa, bai ma san ina yi ba.

Saboda haka maganar tukunya biyu ka ajiye ta. A gidana tukunya ɗaya za a ɗora. Baƙon da ke son gishiri ga roba nan a gefe, ya barbaɗa a farantinsa, ai ba yau aka fara yi mini haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Auta ta faɗa mini. Ta ce Mamanku na yi maka 'yar tukunyarka daban, a kai maka ɗaki, ka tura ƙofa ka rufe, can a fito da kwanon rabi. Ta ce ka daina zama cikinsu lokacin cin abinci, wai kada ka hana su sakewa. Haba, hasken raina! Kai kaɗai a can bayan ƙofa, ni kaɗai a nan bakin gado, abinci iri ɗaya muke turawa, kowa na haɗiya da ƙyar don ba shi da abokin ci. Wane irin lissafi ne wannan? Wa ka taimaka? Tsuntsaye biyu ma idan ruwa ya tsuge reshe ɗaya suke nema su matsu da juna, sai mu da Allah ya ba hankali?

Ba zan yi maka ƙarya in ce ba na tsoro ba. Ina tsoro. Na karanta abin da zan iya, na tambayi wanda zan iya, na san akwai ranar da za a iya cewa sai wankin ƙoda, na san akwai zaman asibiti, na san wata rana hannunka zai gaji da riƙe zarto. Amma ka amsa mini tsakaninka da Allah: da ni ce na kwanta, da ni likita ya hana wa gishiri, in aiko maka da irin saƙon nan, za ka ce to, ka nemi wata? Na san ka. Da tuni ka ɓalle ƙofar gidanmu, har da ta kicin da ka gyara da hannunka. To me ya sa kake ganin son da nake maka bai kai naka ƙarfi ba?

Kuma kada ka ce ban gwada bin maganarka ba. Na gwada. Washegarin saƙonka na tashi da fushi, na ce shi ke nan, wanda ya ce ba ya yi ba a yi masa dole. Na ja Lauya muka tafi gidan abincin da ke bakin ƙofar makaranta, na ce a zubo mana shinkafa da kaza, irin wadda na daɗe ina wucewa ina kau da kai. Na cika cokali na kai baki da niyyar in cinye in manta da kai. Masoyina, kasa haɗiyewa na yi. Gishiri ya kama mini harshe kamar na kurɓi ruwan da aka jiƙa kanwa. Na ce wa Lauya yau mai girkin hannunta ya zarce. Ta ɗanɗana nawa, ta ɗanɗana nata, ta ce lafiyarsa ƙalau, yadda yake kullum haka yake. Na sake gwadawa, na sake kasawa. Ta janye farantina gabanta ta haɗa da nata, ta cinye. Sai da muka fito ta ce mini, ba da wasa ba, ke kam kin riga kin tare a gidansa, shi ne bai sani ba.

Ka gani ko? Na yi niyyar barinka, wallahi na yi, harshena ne ya ƙi. Bakin alƙalami ya riga ya bushe, ya kai farin watana, ka makara da wannan jarumtar taka.

Muna gama jarrabawa zan dawo. Na riga na gaya wa Yaya maganar da ka ce a bari ban bar ta ba, kuma shi zai rako ni in gaishe da Mama. Zan roƙe ta ta ara mini kicin ɗinta na yini ɗaya. Ba na neman alkawari daga gare ka yanzu, ba na neman amsar wannan takarda ma. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: idan na sauke, ka buɗe ƙofa ka fito ka zauna cikin mutane. Idan ka ci ka ƙoshi, ka dube ni ido da ido ka maimaita abin da ka rubuta, zan ɗauki mayafina in tafi, ba za ka ji ko tarina ba.

Sai dai ka san abin da za ka yi kafin ka yi shi. Duk inda na tafi haka zan ci gaba da girki, don yanzu shi kaɗai bakina ke karɓa, kuma ba mai iya ci da ni sai kai. Idan ka kore ni, ba ka raba ni da lami ba. Da abokin cina kawai ka raba ni, wato kai.

Taka ce ni, yau da gobe, har ranar da Allah zai ɗauke ɗayanmu daga gaban kwano,

Mai girkinka.